Fankar da ta fitar da Mac Pro daga Turai, da zaɓin da ke gaban mai neman kwamfutar aiki

A ƙarshen watan Janairun 2013 kamfanin Apple ya sanar da dillalansa na Turai cewa daga ranar 1 ga Maris ba zai ƙara kai musu Mac Pro ba. Abin ya shafi ƙasashen Tarayyar Turai duka, da masu neman shiga tarayyar, da ƙasashe huɗu na ƙungiyar cinikin EFTA irin su Suwizalan. Dillalin da yake so ya sa oda zuwa 18 ga Fabrairu. Abin da ya rage a shago a sayar har ya ƙare, amma sabuwa ba za ta shigo ba. Mac Pro kuwa ita ce babbar kwamfutar tebur ta kamfanin, akwatin alminiyam mai nauyin kilo 18, wadda masu tace fim da masu haɗa sauti da masu zane suka ɗora sana'arsu a kanta.

Ba a ce wa waɗanda suka riga suka saya su mayar ba, kuma a Amurka da sauran duniya an ci gaba da sayar da ita yadda take. Abin da ya tare ta a Turai gyara ne da aka yi wa wata ƙa'idar kariya mai suna IEC 60950-1, wadda hukumar IEC mai tsara ƙa'idojin lantarki ta duniya da ke Janeba ta fitar don na'urorin ofis da na sadarwa. Gyaran ya taɓa abu biyu a jikin Mac Pro: fankokin da ke sanyaya ta, da kariyar wutar da ke bi ta kafofin da ake jona na'urori. Maganar fanka ta fi sauƙin ganewa. Sabuwar ƙa'idar tana duba nauyin fukafukan fanka da faɗinsu da saurin juyawarsu, ta lissafa irin raunin da za su yi wa yatsa. Fankar da ta wuce wani mizani dole a yi mata raga ko wata kariya, muddin hannu zai iya kaiwa gare ta. A wurin ƙa'idar kuma, duk inda za a buɗe ba tare da sukundireba ba, wuri ne da hannun kowa zai kai. Murfin gefen Mac Pro kuwa maɗauri ɗaya ake ɗagawa ya fita, kuma sauƙin buɗewar nan yana cikin abubuwan da masu ita suka fi yabo.

A lokacin mutane da yawa sun ga baiken Turawa. Wane babba ne mai hankali zai buɗe kwamfuta tana aiki ya cusa yatsa cikin fanka? Na fahimci fushinsu, amma laifin ba a nan ya tsaya ba. An fitar da gyaran tun 2009, Turai ta ɗauke shi a 2010, ta kuma ba kamfanoni wa'adi har Maris na 2013. HP da Dell da Lenovo duk suna ƙera manyan kwamfutocin aiki masu manyan fankoki, kuma sun ci gaba da sayarwa a Turai ba tare da yankewa ba. Akwatin Mac Pro gadon Power Mac G5 ne na 2003. An sabunta cikinsa a 2010, aka ɗan taɓa shi a 2012, Apple kuma ya riga ya fara aikin wadda za ta gaje ta. Kashe kuɗi a gyara tsohon akwati don watanni goma bai yi masa riba ba, sai ya janye. Doka ta sa wa'adi, kamfani ya yanke shawarar barin kasuwa, masu sana'a suka rasa abin saye.

Sabuwar ta fito a Disamban 2013: baƙar gwangwani mai fanka ɗaya, farashinta daga dala 2,999, babu gurbin sa kati ko ɗaya a cikinta. Wanda ya jira da fatan zai mayar da katunansa na sauti da na bidiyo cikin sabon akwati bai samu inda zai sa su ba. A Afrilun 2017 manyan Apple da kansu suka yarda a gaban 'yan jarida cewa tsarin sanyayawar ya hana su ƙara mata ƙarfi. Sai a Disamban 2019 aka sake samun Mac Pro mai gurabun kati, guda takwas, a kan dala 5,999.

Wannan labarin na Turai ne, amma ya shafe mu ta hanya ɗaya mai ƙarfi: kwamfutocin aikin da ke shagunanmu, daga Computer Village a Ikeja har Beirut Road da Farm Centre a Kano, yawancinsu na hannu ne da suka gama aiki a ofisoshin waje. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi a tashoshin jiragen ruwan Legas a 2015 da 2016 ya ƙiyasta cewa kusan tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki ke shigowa Najeriya a shekara, kusan kashi uku cikin huɗu daga tashoshin Turai. Abin da dokar can ta bari a sayar yau, shi za mu gani a nan bayan shekara biyar ko takwas. To mai situdiyo, ko mai zanen gini, ko mai buga littattafai da yake son na'urar da za ta yi masa awa goma kullum, hanya uku ce a gabansa: ya bi Apple, ya sayi kwamfutar aiki ta HP ko Dell ko Lenovo, ko ya haɗa tasa.

Kafin a auna su, akwai abin da ya kamata mai saye ya sani game da tambarorin da ke bayan akwati, don 'yan kasuwa kan nuna su kamar shaidar lafiya. Tambarin CE kamfani ne da kansa yake bugawa, yana shelar cewa kayansa sun cika ƙa'idojin Turai. Ga irin waɗannan na'urori babu dole sai wata hukuma ta gwada kafin a buga shi, shi ya sa kamfanin kirki da ɗan jabu duk suna iya manna shi. UL na Amurka da TÜV da GS na Jamus sun fi nauyi, don wani ne daban ya gwada samfurin. FCC na Amurka maganar katsalandan a igiyar rediyo ce. 80 Plus kuma yana nuna yawan wutar da ba ta salwanta a zafi ne kawai. Duk waɗannan suna magana ne a kan ranar da na'ura ta fara shiga kasuwa. Ko da Turai ta maye gurbin tsohuwar ƙa'idar da IEC 62368-1 ranar 20 ga Disamban 2020, ba wanda ya koma ya sake gwada kwamfutocin da ke hannun mutane. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya a Najeriya tana neman takardar SONCAP a kan sabbin kayan da ake shigowa da su, hukumar kare muhalli ta NESREA kuma tana da dokar tsofaffin kayan lantarki tun 2011 mai hana shigo da matattu, amma babu ɗaya daga cikinsu da zai gaya maka ko an taɓa buɗe fawa fak ɗin wannan na'urar da ke gabanka, wato akwatin da ke karɓar wuta ya raba wa kayan cikinta, an yi masa ɗori.

Mu fara da Apple, tunda da shi aka fara. Har yau ana samun tsohuwar Mac Pro ta 2010 da 2012 a kasuwar gwanjo, kuma kyawunta yana jan ido: gurbin ma'aji huɗu, gurbin kati huɗu, wasu da furosesa biyu, wato ƙwaƙwalwar na'ura. Ni ba fankarta ke damuna ba. Wanda ya kashe na'ura ya zare filogi kafin ya buɗe murfi ya gama da wannan matsalar. Abin da ya kashe ta shi ne manhaja. Ba ta da kafofin jona na'urori masu sauri na USB 3 daga kamfani, ba ta da na Thunderbolt, kuma babbar manhajar Apple (macOS) ta ƙarshe da ta karɓe ta a hukumance ita ce Mojave ta 2018, shi ma sai an canza mata katin hoto. Akwai dabarun da ake yi a ɗora mata sababbi, sai dai wanda abokin ciniki ke jiran aikinsa ranar Juma'a bai kamata ya dogara da dabara ba. Gwangwanin 2013 ta tsaya a Monterey. Ita kanta ta 2019, mai tsadar nan, Apple ya sanar a 2025 cewa Tahoe ce babbar manhaja ta ƙarshe ga duk Mac mai furosesan Intel. Saboda haka duk wata Mac Pro mai Intel da aka yi maka tayinta yau, kwananta a ƙidaye yake.

Abin da ya rage mai ma'ana a ɓangaren Apple shi ne ƙananan nan masu furosesan kamfanin, Mac mini da Mac Studio da ta fito a Maris na 2022. Ga ƙasar da wuta take da tsada kuma ba ta tsayawa, waɗannan suna da hujja babba. A ce tsohuwar babbar na'ura tana jan wat 300 lokacin aiki, awa takwas a rana: yunit 2.4 ke nan. A farashin naira 225 kan yunit da aka sa wa Band A, rukunin masu samun wuta mafi yawa a Najeriya, a Afrilun 2024, naira 540 ke nan kullum a lokacin, kafin a zo maganar allo da sanyaya ɗaki. A wannan farashin, na'urar da ke jan wat 60 ba za ta wuce naira 108 ba. Ga mai sola ma bambancin ya fi haka ciwo, don girman inbata da yawan batir duk a kan wannan lissafin suke. Amma farashin wannan sauƙi shi ne a rufe suke. Ram ɗin da ka saya, wato ma'ajin wucin gadi da na'ura ke aiki a kansa, da shi za ka zauna, ba a ƙarawa. Ba a sa katin hoto. In bod, babban allon da komai ke jone a kansa, ya mutu, aikinka ya tsaya har sai an nemo wani, kuma ba kowane mai gyara ke taɓa su ba. Uwa uba, kamfani ɗaya ne tal yake ƙera na'urar da ke ɗaukar manhajar tace fim ta Final Cut Pro da ta haɗa sauti ta Logic Pro. Ranar da ya ga wata doka ba ta biya shi ba, ko ya sauya ra'ayi, ba ka da maƙwabcin da za ka koma wurinsa. Ya sake yin irin haka a ƙarshen 2024, lokacin da dokar caja ta USB-C ta fara aiki a Turai: ya janye iPhone 14 da iPhone SE daga kasuwar maimakon ya sake musu kafa.

Hanya ta biyu ita ce na fi son a tsaya a kanta, don nan ne yawancin masu sana'armu za su sami abin da ya dace da aljihunsu. HP yana da jerin Z, Dell yana da Precision, Lenovo yana da ThinkStation. An ƙera su don ofisoshin injiniyoyi da bankuna da gidajen talabijin, inda ake barin na'ura a kunne dare da rana. Suna ɗaukar ram mai gyara kuskurensa da kansa, wanda ake kira ECC, kuma an gwada akwatin gaba ɗayansa a matsayin abu ɗaya: fawa fak, fankoki, hanyar iska, wayoyi. Buɗe HP Z840 ka gani, kusan komai a lulluɓe yake da murfin roba, iska tana bin hanyar da aka tsara mata, hannu ba ya cin karo da fanka. Irin wannan aikin ne ƙa'idojin kariya suke tura kamfanoni su yi, kuma mai saye na biyu yana cin moriyarsa kyauta. Fawa fak ɗinsu yana karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240 da kansa, don haka wadda ta fito daga Amurka da wadda ta fito daga Jamus duk ɗaya ne a soket ɗinmu. Kamfanoni uku ne kuma suke gasa a kan manhaja guda. In ɗaya ya janye wani samfuri, manhajojin tace fim da zane irin Premiere Pro da DaVinci Resolve da AutoCAD za su tashi a kan na ɗayan ba tare da ka sake koyon komai ba. Manhajojin zanen gini da injuna Revit da SolidWorks ma dama sai a Windows.

Aibinsu biyu ne, kuma dukansu suna iya cin kuɗi. Na farko, kayan cikinsu na kamfani ne. Fawa fak ɗin HP Z440 ba ya shiga Dell, na kasuwa kuma ba ya shiga ko ɗaya sai da wayar canji. Ana yin Z440 da mai wat 525 ko mai 700, Precision T5810 kuma da mai 425 ko mai 685, kuma ƙananan ba sa ɗaukar babban katin hoto. Mutum ya sayi na'ura da niyyar sa mata kati mai ƙarfi, ya je gida ya tarar babu wayar da za ta ba katin wuta. Daga nan ake fara ɗori: a jawo wuta daga wayar ma'aji da 'yar adafta mai araha, a ɗora wa siririyar waya nauyin da ba nata ba. Duk gwajin da kamfani ya yi ya tashi a banza daga wannan lokacin, kuma yawancin ƙaurin roba da ake ji a situdiyo daga irin nan yake tasowa. A duba takardar da ke jikin fawa fak tun a shago.

Na biyu, shekaru. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma ba ta karɓar tsofaffin furosesa a hukumance. Z440 da Z640 da Z840, da Precision T5810 da T7910, duk 'yan zamanin 2014 ne, kuma ba sa cikin layin waɗanda Windows 11 ke karɓa. Wannan ne ma ya sa ofisoshin waje suke sallamarsu da yawa, suna isowa nan da araha mai daɗi. Jerin da ya biyo baya, irin HP Z4 G4 da Precision 5820 da ThinkStation P520 masu furosesan Xeon W, suna cikin layin. Bambancin kuɗin da ke tsakaninsu ya cancanci a biya. Wanda na'urarsa ba ta hawa intanet, aikinta tace bidiyo kawai da manhajar da ya riga ya mallaka, zai iya morar tsohuwar wasu shekaru. Wanda yake karɓar fayil daga abokan ciniki kullum, yana shiga asusun banki a kanta, kada ya yi.

Hanya ta uku, haɗa taka, ita ce dokokin nan ba sa iya rufewa. An ga haka a Amurka a Yulin 2021, lokacin da sabon matakin dokar tsimin wuta ta jihar Kalifoniya ya fara aiki. Dell ya daina aika wasu nau'ikan Alienware Aurora R10 da R12 zuwa jihohi shida. Wannan dokar wuta ce, ba ta kariya ba, amma sakamakon iri ɗaya ne: na'urar da aka haɗa a kamfani ta ɓace daga kasuwa, alhali mai sayen kayan ɗaya bayan ɗaya ya haɗa abin da ya fi ta ƙarfi a ɗakinsa. Mai haɗawa yana samun sabon furosesa, da katin da yake so, da kayan da kowane shago yake da madadinsu. In fawa fak ya mutu da safe, kafin azahar an sa wani. Ga mai aikin zane mai motsi ko gyaran launi, wanda katin hoto ne jarinsa, babu hanyar da ta kai wannan ƙarfi a kan kuɗi ɗaya.

Sai dai 'yancin nan yana nufin babu wanda ya gwada na'urar a haɗe. Kowane ɓangare da tambarinsa, amma haɗuwarsu alhakinka ne. Ko sanannun kamfanoni suna tuntuɓe a nan. A Fabrairun 2021 hukumar kare masu saye ta Amurka ta sanar da janye akwatin NZXT H1, saboda wani sukurun da ke riƙe da allon jona katin hoto yana iya taɓa layin wuta ya tayar da gobara. A ƙarshen 2022 aka fara ganin kan wayar wutar katin RTX 4090 yana narkewa, musamman in bai shiga ya zauna daram ba, har aka sake fasalin mahaɗin a 2023. A can, in irin wannan ta faru, ana sanarwa, a aiko maka da gyara ko a mayar maka da kuɗi. A nan kayan da aka janye suna iya biyo kwantena su zauna a kanta, ba mai ce maka komai. Sannan ga jabun fawa fak, wanda aka rubuta wa wat 650 amma in ka ɗaga shi kamar fanko. Mutum ya kashe miliyan a katin hoto da furosesa, ya zo kan abin da zai ba su wuta ya nemi mafi araha. Wannan yana ba ni takaici ƙwarai, don shi ne ɓangare ɗaya tilo da wutar gari take shiga kai tsaye, kuma in ya tafi yakan tafi da na kusa da shi. Araha ba ta ado. Wasu tsofaffi da masu arahar kuma suna da ɗan jan makunni a baya mai lamba 115 da 230. Wanda ya fito daga Amurka yana kan 115, in aka jona shi a wutarmu haka, ƙara ɗaya zai yi.

Akwai wani abu da ya haɗa hanyoyin uku, wanda a ganina ya fi maganar fanka haɗari nesa ba kusa ba, kuma babu ƙa'idar Janeba da za ta gyara mana shi. Duk kwamfuta mai akwatin ƙarfe an ƙera ta ne bisa zaton soket yana da wayar atin. In wani abu ya lalace a ciki wuta ta taɓa jikin akwati, ta wannan waya za ta gudu ƙasa, fis ya yanke. Gidaje da shaguna da yawa a garuruwanmu waya biyu kawai aka ja musu, ramin na uku ado ne. Shi ya sa za ka taɓa bayan kwamfuta ka ji tana ɗan ja, a ce maka ai haka suke. Ba haka suke ba. Sannan na'urar da ta fito daga Jamus ko Holan tana zuwa da filogi mai ƙafa biyu zagayayyu, wanda atin ɗinsa a gefe yake. Idan aka danna ramin sama da murfin biro aka cusa shi a soket ɗinmu mai rami uku, wuta za ta zo, atin ba zai haɗu ba, fis ɗin da filogin Ingila yake da shi ma babu. A Nijar abin juyawa yake: soket irin na Faransa ne, na'urar Ingila ce baƙuwa. Maganin ba tsada: a sayi waya mai kauri mai filogin ƙasar da ake ciki, a kira mai gyaran wuta ya kafa sandar atin ta gaske. Mai situdiyon sauti zai ga ribar nan take, don wani gurnanin da ke shiga rikodin daga nan yake.

Zafi da ƙura ma ba su cikin lissafin masu ƙera su. Apple ya rubuta cewa Mac Pro tana aiki tsakanin digiri 10 zuwa 35, sauran ma ba su yi nisa da haka ba. Kano da Sakkwato da Yamai suna haura 40 a watan Afrilu. A nan manyan akwatunan HP da Dell suna da fifiko a kan ƙananan na'urori ta fuska ɗaya, ana buɗe su a hure ƙurar hunturu cikin minti biyar. Ƙananan Mac kuma suna da nasu fifikon, zafin da suke fitarwa kaɗan ne. Abin da ban yarda da shi ba shi ne al'adar cire murfin gefe a kafa wa na'ura fankar ɗaki. Yana ɓata hanyar iskar da aka tsara, yana tara ƙura, kuma a shagon da yara ke shiga da fita, yatsan da Turawa suka yi wa doka ya zama na gaske. UPS kuma, wato na'urar batir da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, a nemi mai fitar da wuta lafiyayya irin ta gari, wadda 'yan kasuwa ke kira piyo sayin. Fawa fak na manyan na'urorin nan yakan ɗauke ko ya yi ƙugi a kan masu arahar, daidai lokacin da aka saye su dominsa.

In aboki mai tace fim a Premiere ko Resolve ya tambaye ni, kuma kuɗinsa matsakaici ne, zan ce ya nemi Z4 G4 ko Precision 5820 mai babban fawa fak, ya sa mata katin da wayoyinta na asali za su iya ɗauka, ragowar kuɗin ya zuba a atin da UPS. In a kan sola yake gaba ɗaya, ko sana'arsa a Logic ko Final Cut take, ya sayi Mac mini ko Mac Studio mai ram fiye da abin da yake bukata yau, ya ajiye ayyukansa a ma'ajin waje, ya kuma riƙa fitar da su a sigar da wata manhaja za ta iya buɗewa. Haɗa taka na bar wa wanda yake da amintaccen mai haɗawa kuma zai sayi fawa fak sabo a kwali daga dillalin da zai karɓa in ya ba da matsala. Tsohuwar Mac Pro mai ramuka a gaba kuwa, duk ƙaunar da nake yi wa ƙirarta, ba zan ba mai neman abinci shawarar ya sa jarinsa a ciki ba.

Kowacce aka zaɓa, kada a biya kafin a kunna ta a shago a ɗora mata aiki mai nauyi na akalla rabin awa, a saurari fankoki, a shinshina bayan fawa fak, a duba ko sukurorinsa sun ci sukundireba. HP da Dell da Lenovo da Apple duk suna da shafin da ake sa lambar jikin na'ura ya nuna samfurinta, na Dell ma har da kayan da ta fito da su daga kamfani. A duba a waya tun ana tsaye gaban mai shago, a gwada da abin da ke cikin akwatin, sannan a sa ya rubuta lambar a kan rasit tare da kwanakin garantin da ya yi alkawari.